Inci Biyu a Gadar Kanal

Sallama gare ku, masu bibiyata. 'Yar'uwar da ta rubuto cewa na cika jan rai, ki yi haƙuri, ba da gangan ba ne. Da yatsa ɗaya nake wannan rubutun, kuma sai na sauka daga kan keken ɗinki. Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: sunana Sauda, shekarata ashirin da huɗu, gidanmu yana wani ƙauye a bakin kanal tsakanin Bunkure da Kura. Ban shiga aji ba sai da na kai sha tara, bayan na gama jinyar kakata, Allah ya ji ƙanta. Shi ya sa har yau idan na ga lamba sai na tsaya na karanta ta, ko da a jikin buhun taki ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Matsalata ɗaya ce, ba na iya buɗe baki a gaban manya. Zan saurari mutum daga safe har yamma, in riƙe duk abin da ya faɗa, amma a ce "ke me kika gani?" sai harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa.

To ga shi mutum biyu suna nemana. Na farko Yaya Abdurra'uf, ɗan Gwaggo Sa'a, ƙanwar Babana. Malamin makaranta ne a Dawakin Kudu, mutumin kirki, rigarsa kullum a goge. Laifinsa ɗaya, irina ne. Mun taɓa zama a zaure tun daga la'asar har kiran magariba, abin da muka ce da juna bai wuce "ya gida" da "a gaida Gwaggo" ba. Har kukan cikinsa na ji ranar.

Na biyun shi ne Mukhtari, direban akori-kura, mai ɗaukar kayan gona. Shi kuwa idan ya fara magana, ko numfashi a tsakiyar kalma yake yi.

Ranar Lahadi Baba ya kira ni tsakar gida. Gwaggo tana zaune a kan kujerar tsugunno tana ɓarar gyaɗa, Inna tana bakin murhu ta ba mu baya, don ni ce 'yar farinta, ba ta sa baki a zancena. Baba, da yake sunan mahaifiyarsa na ci, ya ce:

"Uwata, ranar Juma'a in an sauko masallaci zan ba gwaggonki amsa. Ban ce ga wanda za ki aura ba. Amma ni ba duba nake yi ba, ban san abin da ke ranki ba."

Na kafa wa tabarma ido. Na ƙirga zaren kabarta har goma sha ɗaya.

"Yaya, ai ka gani da idonka," in ji Gwaggo. "Budurwa in aka tambaye ta ta yi shiru, ta amince ke nan. Mu ma haka aka yi mana."

"Wannan ko tuwo aka tambaye ta shiru take yi," in ji Baba. Ya sa takalminsa ya fita.

Jama'a, kun ga inda nake. Shiruna ya fara yi min magana, kuma ba abin da nake so yake faɗa ba.

Bari in gaya muku dalilin da ya sa ko a mafarki ba zan iya furta sunan Mukhtari a gaban Baba ba. Gonarmu ta tumatir tana can ƙarshen layin ruwa. Kafin ka kai gare ta sai ka haye wata 'yar gadar siminti a kan kanal, mai ɗan bango gefe da gefe da ya kai gwiwa. Daga gadar kuma akwai tafiya mai ɗan nisa a hanyar da ba ta bushewa ko da rani, saboda ruwan da ke tsatsowa daga jikin kanal. Bara Baba ya ɗauko Mukhtari ya fitar masa da kwanduna. Ya haye gadar lafiya, aka yi lodi, a hanyar fitowa mota ta nutse a taɓo har ciki. Tun hantsi ake turi har rana ta yi ja. Tirelar da za ta kwashi kayan a kasuwar Kwanar Gafan ta tafi abinta, rabin tumatirin ya narke a kwando.

Ni na kai wa masu turi abinci ranar. Yana zaune a kan kunya, taɓo har gira, ya karɓi kwano ya fara yi min bayanin dalilin da ke sa mota ta kafe. Bai san ni ba, ban tambaye shi ba. Ya yi kusan awa guda. Da ya gama ya dube ni ya ce, "Wallahi ban taɓa hira mai daɗi irin wannan ba." Ni kuwa ko "uhm" ban ce ba.

Tun ranar Baba ba ya kiransa da suna. "Mai kafewa" yake ce masa.

Ranar Talata da la'asar ina kan keke ina haɗa hannun wata riga, sai na ji ƙasa tana rawa. Na san ƙarar motar Mukhtari, tsohuwar farar akori-kura ce mai shan gas, in ta taso duk unguwa sai ta sani. Amma yau da wani gurnani a ƙarƙashin ƙarar, wuu-wuu-wuu, kamar injin casar shinkafa. Gwaggo, wadda ta tare a gidanmu tun Lahadi wai jiran amsa, ta riga kowa leƙawa ta kan katanga.

"La'ilaha illallahu! 'Yar nan, zo ki ga ikon Allah. Wannan mota ce ko rumbu aka sa wa ƙafa?"

Na leƙa. Motar dai ita ce, amma ta tashi sama kamar an ɗora ta a kan turame huɗu. Tayoyin baƙaƙe wuluk, fankama-fankama, masu haƙora kamar na tarakta. Mukhtari ya buɗe ƙofa, ya leƙa ƙasa kamar mai duba rijiya, sannan ya diro tim, hularsa ta faɗi.

"Da tsani ake hawa?" Gwaggo ta tambayi Inna. "To Allah ya sawwaƙe. Namiji ya rasa abin yi sai ɗaga mota sama da mutane. Gobe in ya zo wucewa ta majalisa, ta saman kan dattawa zai jefo gaisuwa."

Na shige ɗaki na canza kaya. Atamfa kore mai zanen ganye na sa, ɗinkin hannuna, da mayafi ruwan toka, na ɗan goga kwalli. Na ɗauki zoɓo a jug da kofi na fita zaure. Kafin in gama shimfiɗa tabarma ya fara.

"Malama, kin gan ta?" Malama yake ce min saboda makarantar da nake zuwa. "Kwana tara tana garejin Jerry a Kura. Kin san Jerry, makanikena? Mutumin nan kansa yana ja. Mun ƙara mata ganyen sifirin a baya, muka ɗaga gaban, muka yanke bakin ƙarfen da ke saman kowace taya don ta sami wurin juyawa. Tsayin tayar nan inci talatin da uku. Faɗi kuwa, tsohuwar takwas da rabi ce, wannan sha biyu da rabi. Kina ji?"

Na gyaɗa kai.

"To da muka ɗaura, in na karya sitiyari gaba ɗaya sai tayar ta goga ƙarfen ciki, ƙurrr. Sai Jerry ya ce a sa sifesa. Wani faifan ƙarfe ne, kaurinsa inci biyu, shi ake fara ɗaurewa sannan a ɗaura taya a kansa, sai ya turo ta waje. Kowace ƙafa da nata. Noti shida ne kawai, ko ni zan iya kwancewa in mayar. Gaskiya ta rage gudu, ta ƙara shan mai, kuma in na hau titi sai ka ce jirgi ne zai tashi. Amma taɓo? Malama, da sanda na je na auna taɓon hanyar Baba. Sau uku! Inda ya fi zurfi na yi wa sandar alama na kai wa Jerry."

Ya kurɓi zoɓo, ya rage murya.

"Jibi Alhamis za a tsinke tumatirin Baba. Sau uku ina tare shi a ƙofar masallaci ina durƙusawa kafin ya yarda in ɗauka. Ya ce in na sake kafewa, ko inuwar motata kada ya sake gani a layin nan." Ya dube ni. "Ba don gayu na yi ba, Sauda. Don hanyar nan ɗaya na yi."

Na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafi. A zuciyata kuwa, ku bari kawai.

Sai bayan ya tafi, ina wanke kofi, wani abu ya tsaya min a rai. Bara da ya haye gadar nan ina tsaye a gefe da kwanon abinci a kaina, kuma na ga abin da ya rage tsakanin tayarsa da bangon gadar. Bai fi yatsuna huɗu ba, kowane gefe. Yanzu taya ta ƙara faɗi, an kuma turo ta waje. Ya auna zurfin taɓo sau uku. Ban ji ya ce ya auna gada ba.

Washegari da sassafe na ɗauki tsintsiya na fita share ƙofar gida, tef ɗin awona a ƙugu. Inda ya ajiye motar jiya, ruwan rariya ya jiƙa ƙasar, sawun tayoyin ya fito raɗau kamar zanen lalle. Na waiga, ba kowa. Na tsuguna na shimfiɗa tef daga bakin waje na sawun dama. Tef ɗin ɗinki inci sittin ne, don haka na sa tsinke a inda ya ƙare, na ɗaga na ci gaba har bakin waje na sawun hagu. Sittin da sha takwas. Saba'in da takwas.

"Me kike tona a nan kamar kaza?"

Gwaggo ce, da buta a hannu.

"Ɗan kunnena ne ya faɗi."

Ta dubi kunnuwana biyu, kowanne da nasa. Ta yi ƙwafa ta wuce.

Da rana na kai wa Baba fura gona. A kan gadar na ajiye kwanon, na tsuguna kamar mai gyaran takalmi, na auna daga bango zuwa bango. Sittin da sha shida. Na sake aunawa don kada in zalunci kowa. Saba'in da shida. Mota saba'in da takwas, gada saba'in da shida. Ko Malama Adama da ta koya mana lissafi ba za ta iya shigar da wannan cikin wancan ba.

Ina dawowa na ɗauko waya na rubuta wa Mukhtari. Na yi minti goma ina gogewa ina sakewa.

Ni: Barka da rana. Don Allah ka auna faɗin gadar gonarmu? Ina ganin motar ta fi ta da inci biyu.

Ya amsa da saƙon murya, iska tana kaɗawa, yana hanyar Garun Malam da lodin albasa. Dariya ya fara yi.

"Malama Sauda injiniya! Ranki ya daɗe, mota ba atamfa ba ce da za a sa mata tef. Gadar nan na haye ta bara ido rufe. Ki kwantar da hankalinki, ki dai tanadi guɗa."

Ya biyo da hoton fuska mai dariya har da hawaye guda uku.

Gaskiya na ji haushi. Na rubuta "to", na kife wayar. Wannan shi ne halina da nake gaya muku: maimakon in nace, sai na koma cikin shiruna na ja ƙofa. Na ce a raina, gobe gadar za ta yi masa bayani da kanta. Sai da na zauna kan keke na tuna cewa in gadar ta yi masa bayani, ni ce zan koma Dawakin Kudu in ƙare rayuwata ina sauraron kukan cikin Yaya Abdurra'uf.

Alhamis tun da duku-duku masu tsinka suka shiga gona. Kafin hantsi an jera kwando arba'in da biyu a bakin kunya, an rufe su da ciyawa. Dillali ya aiko cewa tirela za ta tashi daga Kwanar Gafan ana idar da la'asar, ba jira. Ni da Gwaggo muka ɗauko ɗanwake da kunun tsamiya. Ita da ba ta taɓa raka ni gona ba, yau har da sabon mayafi mai duwatsu.

"Zan je in ga rumbu yana iyo," in ji ta.

Mun iso gadar ke nan muka jiyo gurnanin. Baba ya fito daga gona ya tsaya a tsallake, hannuwansa a baya. Masu tsinka suka bar kwano suka taso kallo, manoman da ke maƙwabtaka da mu su ma suka ajiye fartanya. Mukhtari ya taho a hankali, farar riga fes, hannu ɗaya a waje yana ɗaga wa mutane. Ya saita hancin motar ya shigo.

Ƙiiii.

Tayar dama ta ciji bango. Ya ja baya, ya matsa hagu, ya sake shigowa. Ƙiiii. Ta hagu ta ciji nata. Ya sake, ya sake. A karo na huɗu ya kashe injin ya diro, ya tsuguna ya dubi wannan gefe, ya zagaya ya dubi wancan. Da ya ɗago, idonsa ni ya nema. Na kalli ruwan kanal.

Wani ya fara ƙyaƙyatawa, sai wuri ya ɗauka.

"Bara ta kafe a ciki, bana ta kafe a waje!" in ji wani manomi mai suna Baballe. "An samu ci gaba!"

"Direba, ka ba ta wuta ta taka bangon mana, ba tarakta ba ce?"

"Wanda ya taka min bangon nan," in ji Baba, bai ko ɗaga murya ba, "in ya rufta cikin kanal ya toshe ruwan mutanen ƙasa, shi zai je ya yi musu bayani."

"A sassaƙe shi kaɗan da guduma, Baba," in ji Mukhtari.

"Gadar gidanku ce?"

Baba ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi inda kwandunansa suke can nesa, sannan ya ce da masu tsinka su gama cin abinci su naɗa gammo, da ka za a fito da su. Kowa a wurin ya san abin da hakan ke nufi. Kwando arba'in da biyu, a cikin taɓo har gwiwa, da ka. Ba za a gama kafin la'asar ba, kuma wanda aka fitar ma rabinsa ya zama miya. Gwaggo ta gyara mayafinta ta ce, "Allah sarki, ɗan mutane. Ai ya yi ƙoƙari." Muryarta kamar an ba ta kujerar Makka.

Mukhtari ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba, yau ya tsaya baki a rufe. Wannan shirun nasa shi ya fi komai tayar min da hankali. Na ji kamar an ɗauki kayana an ɗora masa.

Ban san lokacin da na ajiye kwanon kunu ba.

"A cire sifesa."

Ni kaina sai da na waiga in ga wa ya yi magana.

"Me kika ce, Uwata?" in ji Baba.

Bakin da ya buɗe ya ƙi rufuwa. "Faifan ƙarfen da ke bayan kowace taya, Baba. Kaurinsa inci biyu ne. In an cire na dama da na hagu, mota ta ragu da huɗu. Yanzu saba'in da takwas ce, za ta koma saba'in da huɗu. Gadar saba'in da shida ce. Inci ɗaya zai rage kowane gefe. Noti shida ne kawai."

Baballe ya buɗe baki har ina hango goron da ke ciki. Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Ke a gidan uban wa kika san faɗin motar wani ƙato?"

Mukhtari ya riga ya ciro waya ya kira Jerry, ya sa a sifika. Ya yi masa bayani a gurguje.

"Cire mana, Oga Mukhtari," in ji Jerry, ana jin bugun guduma a bayansa. "Ba abin da zai same ta. Amma kar ka karya sitiyari duka, za ta goga. Ka bi ta a hankali kamar amarya. Kai, wa ya ba ka wannan dabara? Ni kaina ban kawo ba."

Mukhtari ya saci kallon Baba. "Wani... injiniya ne a nan."

"To ka riƙe shi da kyau, kar ya gudu."

Wannan karon har Baba sai da ya juya baya yana gyaran hula.

Mukhtari ya ja motar baya zuwa busasshen wuri, ya ciro jak da sifana, ya shiga ƙarƙashi. Ya murza jak, ya murza, ya murza har ya ƙure. Kan jak ɗin ko taɓa motar bai yi ba, saura kusan taƙi guda. Ashe da suka ɗaga mota sama, ba wanda ya tuna cewa jak ɗin na tsohon tsayi ne. Dariya ta sake ɓarkewa, Baballe har da zama a ƙasa.

Baba bai yi dariya ba. Ya juya ya nufi bakin gonarsa, ya dawo ɗauke da katakai biyu masu kauri, waɗanda yake datse ruwa da su ranar ban-ruwa, waɗanda ko aro ba ya bayarwa. Ya hayo gadar, ya naɗe ƙafar wandonsa, ya tsuguna ya jera su a ƙarƙashin jak da hannunsa.

"Murza," ya ce.

"Baba, don Allah ka bari, ni zan..."

"Murza, rana tana tafiya."

Haka aka yi ta, ƙafa huɗu, ɗaya bayan ɗaya. A kwance taya, maza biyu su tare ta don nauyi, a kwance faifan, a mayar da taya, a ɗaure. Mukhtari a durƙushe gaban Baba fiye da awa guda, farar rigar ta koma kalar kunun kanwa. Baba yana karɓar notuna yana zubawa a cikin hularsa don kada su ɓace. Na ji yana tambayarsa, ƙasa-ƙasa, me ya sa haƙoran tayar suka karkace haka. Kun san an taɓo wa Mukhtari inda yake so. Kafin a gama ƙafa ta uku, Baba ya san tarihin taya tun daga bishiyar roba.

Da aka gama, Mukhtari ya hau ya tayar da injin. Inci ɗaya kowane gefe ba abin wasa ba ne, kuma daga can saman ba ya ganin bangon. Baballe ya taso zai tsaya a gaba.

"Koma," in ji Baba. "Wadda ta auna ita za ta nuna. Uwata, shiga gabansa."

Na ja mayafi na rufe rabin fuska, na tsaya a ƙarshen gadar, mutum wajen talatin suna kallona. Na ɗaga hannu. Taho. Taho. Dama kaɗan. Tsaya. Hagu, ɗan kaɗan. Idonsa bai bar hannuna ba ko sau ɗaya, kuma a karo na farko tun da na san shi, ni ke faɗa shi yana saurare. Tayoyin gaba suka wuce. Na baya suka shigo, ana jin haƙoransu suna shafar siminti sis-sis. Suka fita.

Wata cikin masu tsinka ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa na matsa gefe, motar ta shiga taɓon nan da ya cinye mu bara, ta keta shi tana watsa laka sama kamar saniya a rafi, ko tari ba ta yi ba. Wurin juyawa a bakin gona ne aka sha kallo, don ba halin karya sitiyari: gaba, baya, gaba, baya, sau bakwai Baballe ya ƙirga masa da ƙarfi. Sawu biyu ya yi, kowanne ina gabansa a gada. Kafin a kira la'asar saƙon Mukhtari ya shigo daga Kwanar Gafan, hoton kwandunanmu a cikin tirela, da rubutu a ƙasa.

Shi: Injiniya, na tuba. Daga yau ko hula zan saya sai kin auna.

Ni: To.

Amma wannan "to" ɗin daban yake da na jiya, kuma ya gane.

Gwaggo ta riga ni yin gaba a hanyar gida. Tana shiga ta faɗa ɗakin baƙi ta saki labule.

Da yamma, rana ta kusa faɗuwa, Baba ya aiko a kira ni zaure. Yana zaune a kan buzunsa yana kankare laka daga ƙafarsa da tsinke. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Jiya da safe ina dawowa daga masallaci," ya ce, bai dube ni ba, "na hango wata tana awon ƙasa a ƙofar gidana. Da rana ina cikin tumatir, na hango ta tana awon gada. Sau biyu. Na ce to, ko gwamnati ta ɗauke ta aiki ban sani ba."

Na ji kamar in nutse cikin tabarma.

"Shekara ashirin da huɗu ina jiran in ji kin yi magana a gaban mutane. Ban taɓa zaton a kan noti zan ji ba." Ya ajiye tsinken. "Ɗan gwaggonki ya zo gidan nan da babur sau nawa? Kin taɓa auna sawunsa?"

Na girgiza kai.

"To na ji amsarki. Ki gaya wa Mukhtari ya turo manyansa."

"Mukhtari" Baba ya ce, jama'a. Ba mai kafewa ba.

"Amma su zo a ƙasa, kada su rushe min rariya da wannan abin. Kuma ya sayi jak."

Na yunƙura zan tashi, zuciyata tana tsalle kamar ɗan akuya, sai ya ɗaga hannu.

"Saura abu ɗaya. Na yi wa gwaggonki alkawarin amsa gobe. To ba ni zan ba ta ba. Ƙanwata ce, ɗanta kuma bai yi mana laifin komai ba, ya kamata su ji daga wurin mai maganar, da ladabi. Tunda ashe kina da baki, je ki yi amfani da shi."

Ga ni nan a ƙofar ɗakin baƙi nake rubuta muku wannan, kwanon tuwonta a hannuna na hagu. Na auna gada, na auna mota, amma wannan ƙofar ban san faɗinta ba. Yanzu ta yi gyaran murya daga ciki.

"'Yar nan, inuwarki ta gaji da tsayuwa a labulena. In magana ce ta kawo ki, shigo ki faɗa. Ai yau mun ji kin iya."